Jar Tawada a Mahaɗar Nilu

Jimlar farko da aka yi wa jina-jina da jar tawada a littafina, har gobe ina iya rubuta ta ido a rufe. Shekarar 1967 ce, ina aji biyu a wata makarantar midil da ke kudancin Hartum, irin wadda a can muke kira wusɗa. Aka ce kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da ubansa ya yi jiya. Na yi gumi, na ciji alƙalami, na haifo wannan: "My father he go to market and he drink cigarette." Allah ya jiƙan Baba, bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Kalmar ce kawai na sani, na ga kuma asara ce in bar ta a ƙasa.

Malaminmu dogon mutum ne, siriri, daga ƙauyukan arewacin Sudan. Kullum yana shigowa aji da kwalbar jar tawada a hannun hagu, tsumagiya a dama. Ya duba littafina ya daɗe, sannan ya ce, "Ya walad, zo nan." Na taso gwiwa a sanyaye. Ya ɗora tsinin alƙalami a kan "drink" ya ce, da Larabci, "Wannan na san shi, namu ne. Mu ma shan taba muke yi, Bature ne kaɗai yake hayaƙa ta. Amma wannan 'he' da ka liƙa wa ubanka a baya, daga ina ka samo shi? Da wane harshe kuke magana a gida?"

A zamanin, yaro irina ba ya son wannan tambayar a gaban aji. Fallata ake kiranmu duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, kuma ba kullum ake faɗin kalmar da fatar baki mai daɗi ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Hausa, ya Ustaz." Ya ce in faɗi jimlar da Hausa. Na ce, "Babana ya tafi kasuwa." Ya sa na maimaita sau uku, yana ƙirga kalmomin da yatsa. Ya tambaye ni aikin "ya" a wurin. Da na yi masa bayani iya fahimtata, sai ya ajiye tsumagiyar ya yi dariya. "To, ga ɓarawon nan mun kama. Harshenku ba ya barin aikatau ya fita ba ɗan rakiya. Turanci kuwa, in ka ambaci mutum da sunansa, ya isa." Ya ja layi ɗaya a kan kalmar, ya rubuta daidai a sama: "My father went to the market."

Ranar ban sha bulala ba. Ranar kuma na fara fahimtar abin da na shafe shekara kusan arba'in ina koyarwa daga baya a makarantun Umdurman: kuskuren nahawu ba daga sama yake faɗowa ba, sawu ne da harshen uwa ya bari a cikin baƙon harshe. Mai gyara na ƙwarai mai bin sawu ne. Amma kafin a kai ga irin malamin nan nawa, sana'ar gyaran Turanci ta yi doguwar tafiya a garuruwan nan biyu da ke kallon juna a inda Farin Nilu ya haɗu da Shuɗin Nilu.

Da bindiga Turanci ya shigo. Ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Kitchener ta karya mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a filin Karari da ke arewacin Umdurman. Ƙurar ba ta gama lafawa ba Kitchener ya nemi mutanen Ingila su tara fam 100,000 a gina makaranta don tunawa da Janar Gordon, wanda Ansar, mayaƙan Mahadi, suka kashe a Hartum a 1885. Kuɗin suka taru har da ƙari. A 1902 aka buɗe Kwalejin Gordon a bakin Shuɗin Nilu, ginin jan bulo mai bakuna, wanda shi ne ya zama Jami'ar Hartum a 1956. Shugabanta na farko, James Currie, bai ɓoye manufarsa ba: gwamnati tana bukatar 'yan masu sana'ar hannu da ƙaramin rukunin akawuna da malamai da alƙalai da za su riƙe ƙananan kujeru. Ba masana ake nema ba, ana neman wanda zai kwafi wasiƙar Bature ba tare da ya ɓata ta ba. Saboda haka tun daga tushe, gyaran jimla a Sudan maganar abinci ce. Wanda ya san inda ake sa "the" da inda ba a sawa, shi ne zai zama afandi mai albashi. Wanda ya kasa, ya koma gona.

A daidai wannan lokacin ne namu kakannin suke tahowa. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka nausa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Kakana bai zo da wannan ayarin ba, ya biyo baya ne daga ƙasar Haɗejiya, a ƙafa, da niyyar aikin Hajji. Ya tsinci auduga a Jazira bayan an buɗe madatsar ruwan Sinnar a 1925, guzuri ya ƙi cika, 'ya'ya suka yi yawa, Makka ta yi ta matsawa gaba. Ya kan ce, "Mun gudo daga Nasara, muka iske ya riga mu isowa." Ga mutum irin wannan, Turanci harshen wanda ya raba shi da gida ne. Ya rasu bai yarda ko ɗansa ɗaya ya taka makarantar gwamnati ba. Baba da allo ya tashi, ya ƙare yana sayar da agashe, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan ci, a gefen kasuwar Suƙul Arabi. Ni ne na farko a gidanmu na unguwar Ishash Fallata da aka saya wa littafin rubutu, shi ma sai da Inna ta yi kwana uku ba ta yi wa Baba magana ba.

Abin da ya kan ba ni mamaki shi ne, ita kanta makarantar boko ta ƙasar Hausa ta leƙa Hartum kafin ta tsaya da ƙafarta. Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya ziyarci Masar da Sudan a 1909 ya ga yadda ake tafiyar da makarantu, sannan ya kafa tasa a Nasarawa. Hussey, wanda ya zama daraktan ilimi na Najeriya a 1929, a Sudan ya fara aiki. Da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, shehunai uku aka ɗauko daga Sudan su koyar. Hanyar da alhazai suka bi da ƙafa, ita manhaja ta bi ta komo.

Turawa sun yi zaton akawu zai tsaya a kwafi, sai dai wanda ka koya wa karanta wasiƙarka, wata rana zai karanta jaridarka. A 1918 tsofaffin ɗalibai suka buɗe kulob ɗinsu a Umdurman. A 1924 aka yi boren Ƙungiyar Farar Tuta ta Ali Abdullaɗif, aka kuma kashe Gwamna Lee Stack a Alƙahira. Gwamnati ta kori sojoji da malaman Masar, ta ɗaure wa ilimin boko wuya na wasu shekaru, don ta gane daga ina hayaƙin yake fitowa. A 1931 ɗaliban Kwalejin Gordon suka yi yajin karatu saboda an rage albashin farko na wanda ya gama daga fam 8 zuwa fam 5 da rabi. A 1938 aka kafa Majalisar 'Yan Boko, sakatarenta Isma'il al-Azhari, malamin lissafi, wanda shi ne ya ɗaga tutar 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956. A 1942 majalisar ta miƙa wa gwamnati takardar bukatu 12, har da 'yancin zaɓar makomar ƙasa bayan yaƙi. Sakataren mulki, Douglas Newbold, ya mayar musu da takardarsu ya ce sun wuce gona da iri. Tsofaffin malamanmu sun kan ba da labarin nan da wani irin alfahari na 'yan sana'a: an ƙi abin da suka ce, amma an san cewa yaran da aka yi wa gyara jiya, yau su ne suke jayayya da mai gyaran a kan teburi ɗaya.

Wurin da sana'armu ta sami tarbiyya kuwa ba a Hartum yake ba. A 1934 wani Bature mai suna Griffiths, wanda ya taɓa koyarwa a Indiya, ya kafa cibiyar horar da malamai a Bahtar Ruda, kusa da garin Duwaim a gaɓar Farin Nilu. Da gangan aka kai ta ƙauye, nesa da siyasar birni. Mataimakinsa, Abdurrahman Ali Ɗaha, shi ne ya zama ɗan Sudan na farko da ya riƙe ma'aikatar ilimi. A can ake rubuta littafi, a gwada shi a aji na gaske, a gyara, a sake gwadawa, kafin a raba wa ƙasa. Sunan wurin ya kai har Arewacin Najeriya. Sheikh Abubakar Gumi yana cikin waɗanda aka tura can ƙaro ilimi a tsakiyar shekarun 1950. Malamina mai kwalbar tawada daga can ya fito, kuma hannunsa ya nuna.

Ga yadda aka yi mana. Shekara huɗu ta elemantare duk da Larabci. A midil ake fara Turanci, kusan kullum, da jerin littattafan karatu na Michael West, wanda ya tsara su tun yana Bangal ta Indiya. Dabararsa ita ce ƙirga kalmomi: ba a sako maka sabuwa sai an tabbata tsohuwar ta zauna, kuma sabuwar za ta yi ta dawowa a shafukan gaba har ku saba. Akwai shifta, akwai insha'i duk mako, kuma kowane littafi sai malam ya bi shi layi-layi. Ba ya rubuta maka amsa sai a karon farko. Bayan haka alama kawai zai sa a gefe, harafi ɗaya na kuskuren rubutun kalma, wani na lokacin aikatau, ka koma ka nemo laifinka da kanka, ka sake rubuta jimlar sau uku a ƙasa. A aljihun kusan kowane malami akwai ɗan ƙaramin littafin Fitikides, "Common Mistakes in English", wanda wani malamin makaranta a tsibirin Ƙubrus ya fitar a 1936, kuma na tarar da shi a Kano ma ana sayarwa a Sabon Gari. Kafin zamaninmu, wanda ya tsallake zuwa sakandare, kamar Wadi Sayyidna a arewacin Umdurman ko Hantub a tsallaken Wad Madani, waɗanda aka buɗe a 1946, to lissafi da kimiyya da labarin ƙasa duk da Turanci zai yi su, jarrabawar ƙarshe kuma a ma'aunin Kambirij take. A Wadi Sayyidna marubuci Ɗayyib Salih ya yi karatu, kuma ba banza ba ne jarumin shahararren littafinsa na 1966 ya kasance ɗan Sudan da ya ƙware a Turanci har abin ya zame masa ciwo.

Ni kuwa ina zaune a tsakiyar aji da kaya biyu a kai. Abokaina Larabawa ba su da harafin "p", sai su ce "bencil", "bebsi". Ni ma ba ni da shi, amma ta wata ƙofar nake fita: "fencil". Su suna rubuta "He teacher", don Larabci ba ya bukatar komai tsakanin mutum da sana'arsa. Ni ban taɓa yar da "is" ba, domin "ne" da "ce" sun riga sun horar da kunnena cewa jimla irin wannan tana da marufi. Su suna cewa "afraid from the dog", suna jawo "min" ta Larabci. Ni ina cewa "I am fearing dog", alhali "afraid of" ake so. Su suna rubuta "The life is difficult", don "alhayat" ba ta tafiya ba alif da lam. Ni ina rubuta "I am hearing Arabic", saboda a gidanmu harshe jin sa ake yi. Inda muke haɗuwa shi ne a jimla mai jela: su ce "the book which I bought it", ni in ce "the boy who I gave him money", don Hausa ma tana cewa "yaron da na ba shi". Turanci ba ya son wannan wakilin sunan na biyu. "Which" ko "who" ya riga ya tsaya a madadinsa. Yaron da aka gaya wa dalilin nan sau ɗaya ya fi saurin dainawa a kan wanda aka zane sau goma.

Ina midil ƙasa ta juya a ƙarƙashin sana'ar. Bayan juyin Oktoba na 1964 da ya kawar da Janar Abbud, malaman sakandare suka matsa a mayar da koyarwa Larabci. Aka fara a 1965, aji-aji, kafin 1970 an gama. Ba zan ce kuskure ne ba. Yaro ya fi gane ilimin halittu da harshen da yake mafarki da shi, kuma ƙasar da ta kori mai mulkinta tana da hakkin ta yi magana da bakinta. Amma ga mai koyar da Turanci, abin ya zama kamar an janye masa mataimaka shida a rana ɗaya. Da, malamin lissafi ma mai gyaran jimla ne. Yanzu sai kai kaɗai, minti 40. A 1970, zamanin Numairi, aka canza tsanin karatu daga huɗu-huɗu-huɗu zuwa shida-uku-uku, fara Turanci ya ƙara jinkiri da shekara biyu.

Na yi horon malanta a Umdurman, na fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da aka ajiye littattafan West aka kawo jerin NILE na kamfanin Longman. Lokacin ne kuma kuɗin man fetur ya buɗe baki. Ƙwararrun malamanmu suka yi ta zarewa zuwa Saudiyya da Libiya da Yaman da Oman, inda albashin wata ɗaya ya fi na shekara a gida. Ma'aikatar ilimi ta riƙa ɗauko samari 'yan Ingila da suka gama jami'a su cike gurbi. Na zauna ɗakin malamai ɗaya da wani daga cikinsu, yaro mai kirki, mai son ful da shayin titi. Kunnensa ba ya kuskure, da ya ji jimla ya san ta karkace. Amma in yaro ya ce masa "me ya sa?", sai ya ɗaga kafaɗa ya ce haka ake faɗa. Da yamma ya kan kawo mini littattafan ajinsa ya ce in gaya masa daga ina wannan ya fito. Shi yana da harshen, ni ina da taswirar ramukan da ke kan hanyar zuwa gare shi.

Daga nan na fara wani babban littafi mai baƙin bango, irin na 'yan kasuwa. Kowane shafi na raba shi gida uku: abin da yaro ya rubuta, harshen da ya jawo shi, da gyaran. Umdurman gari ne da kowa ya zo, saboda haka littafin ya cika da sawun Larabci da Hausa da Nubiyanci da Dinka da Fur. Wanda ban gane ba, in kira yaron in ce ya faɗa mini da harshen gidansu, kamar yadda aka yi mini.

A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta mayar da jami'o'i ma Larabci, ta kuma buɗe sababbi da yawa a lokaci guda. Aka kawo littattafan SPINE da aka rubuta a gida, aka haɗe firamare da midil suka zama shekara takwas. Ajina ya tashi daga yara 40 zuwa 80. Wa zai bi littafi 80 layi-layi a aji biyar? Insha'i ya koma abin da ake haddacewa daren jarrabawa. Akwai shekarar da na duba takardu sama da 30 duk da labari iri ɗaya na ziyarar ƙauye, da kuskure iri ɗaya a layi na huɗu, don wanda ya sayar musu da shi bai iya ba. 'Yan tsirarun wurare suka riƙe Turanci, kamar Jami'ar Mata ta Ahfad a Umdurman, wadda zuriyar Babikir Badri suka kafa a 1966. Shi Babikir ɗin mayaƙin Mahadi ne da ya tsira daga Karari, ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Rufa'a a 1907. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta mayar da Turanci harshen aikin gwamnati tare da Larabci, amma doka ba ta haifar da malami. Da Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da Turanci a matsayin harshen hukuma, ta tafi kuma da yawa daga cikin abokan aikinmu.

Sana'ar ba ta mutu ba, sai dai ta fita daga makaranta ta shiga kasuwa. Cibiyoyin koyon Turanci na kuɗi suka cika benayen tsakiyar Hartum. Likitoci da injiniyoyi masu digiri suna zaune a benci da yamma suna koyon bambancin "since" da "for", don su ci jarrabawar fita waje. Samari suka kafa kulob-kulob na muhawara, a zauna kusa da mai shayi a yi ta kwaɓa Turanci, ɗaya yana riƙe da takarda yana rubuta kurakuran sauran. Bayan na yi ritaya na kan je in zauna a bayansu. A nan na haɗu da yara daga Kano da Zariya da Maraɗi da ke karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya. Sun zo neman Larabci, sai ga su suna cin abinci da koyar da 'yan gari Turanci, suna gyara musu "bebsi" da nasu "fefsi".

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Mun yi watanni muna jin harbi ta saman rufi kafin muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Littafin nan mai baƙin bango yana kan kanta a ɗakina na Umdurman. Na ce in an kwana biyu zan dawo. Ta Bur Sudan na iso Kano, ƙasar Hausa da kakana ya bari da ƙafa, ni kuma na shigo ta da jirgin sama ina ɗan shekara 68, da Hausar da yaran unguwa suke cewa ta tsofaffi ce.

Kwanan baya 'yar maƙwabcinmu, 'yar aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ta yi sallama ta shigo da littafinta. "Baba Malam, wai Anti ta ce in gyara, ni kuwa ban ga laifinsa ba." Na sa tabarau. An zagaye jimlar duka da jan biro, an rubuta sifili a gefe, ba bayani. Ta rubuta: "My mother she is cooking." Na daɗe ina kallon wannan "she" kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a tasha.

Na ce, "Zauna, 'yata. Faɗa mini jimlar nan da Hausa."

Ta ce, "Mamata tana dafa abinci."

Na ce, "Sake faɗa a hankali, ki riƙa ƙirgawa da yatsa."

Ta fara. Da ta zo kan "tana" sai yatsan ya tsaya a sama. Ta dubi littafin, ta dube ni, ta miƙo hannu ta karɓi biron daga wurina.